Fitilar iskar taya ko ta birki? Yadda ake gane abin da mota ke faɗa

A dashbod ɗin mota akwai fitilu biyu da suke rikita direbobi saboda kamanninsu. Dukansu suna da alamar motsin rai a tsakiya. Ɗaya ruwan ɗorawa ce mai siffar kofaton doki, ita ce ta iskar taya. Ɗayar ja ce, da'ira ce da baka biyu a gefenta, ita ce ta birki, kuma a motocin Amurka sau da yawa kalmar BRAKE ce take fitowa a madadinta. Ta farko tana ba mutum damar lallaɓawa har wurin mai faci. Ta biyu idan ta kama ana cikin gudu, tsayawa ake yi a duba.

Tsarin da ke kunna fitilar taya sunansa TPMS. Amurka ta wajabta shi ga sababbin ƙananan motoci daga Satumbar 2007, bayan haɗurran da suka shafi tayoyin Firestone a kan Ford Explorer, Tarayyar Turai kuma ta biyo baya a 2014. Shi ya sa yawancin Camry da Accord da ake shigowa da su Najeriya na bayan wannan lokaci suke da shi. A ƙa'idar Amurka, fitilar tana kamawa ne idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100. Tayar da ya kamata ta kasance a PSI 32 kenan tana iya saukowa zuwa 24 kafin mota ta yi magana. Saboda haka rashin ganin fitilar ba shaida ba ce cewa iska ta cika.

Tsarin iri biyu ne. A wasu motocin akwai 'yar na'ura a cikin kowace taya, a jikin bakin da ake ɗura iska, tana auna iskar tana aika wa kwamfutar mota saƙo ta rediyo. Batirinta a rufe yake, ba a canza shi, kuma yakan yi shekara biyar zuwa goma. Motar 2010 da ta iso hannun mai ita na uku, da wuya batiran nan su kasance da rai. Wasu kuma karya na'urar ake yi wajen cire taya da ƙarfe. Alamar wannan matsala a fili take: idan an tayar da mota fitilar ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya a kunne, tsarin ne ya lalace. Idan kuwa ta kama kai tsaye ba ƙyaftawa, iska ce ta ragu.

Iri na biyu ba shi da komai a cikin taya. Yana amfani da na'urorin ABS da ke ƙirga juyawar kowace ƙafa. Tayar da ta rage iska takan ɗan ƙanƙance, sai ta riƙa juyawa da sauri fiye da sauran, daga nan kwamfuta take ganewa. A irin wannan mota, na'urar ABS ɗaya da ta mutu ko wayarta ta tsinke tana iya kunna fitilar taya da ta ABS lokaci guda, mutum ya yi ta ƙara iska a banza. Haka kuma bayan ƙara iska ko sauya wa tayoyi wuri, sai an sake saita tsarin ta maɓallinsa ko ta allon mota.

Sanyi ma yana da hannu. Duk raguwar zafi da maki biyar zuwa shida na Salshiyos tana rage kusan PSI ɗaya. Da asubahin hunturu fitilar kan kama, rana na ɗagawa ta mutu. Wannan taya ce da take bakin iyaka, tana buƙatar iska. Adadin da ya dace yana rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, kuma ana aunawa ne kafin taya ta ɗau zafi. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, amma masu faci da yawa ita suke bi, wasu ma bugun taya da ƙarfe kawai suke yi su saurara. Ƙaramin geji na dijital a aljihun mota yana raba wannan gardama.

Jar fitilar birki kuwa, abu na farko a duba ko birkin hannu bai gama sauka ba. Idan ya sauka kuma tana nan, a buɗe bonet a duba man birki. Yana raguwa a hankali yayin da takalman birki ke cinyewa, amma idan ya sauka da yawa cikin kwanaki kaɗan, yoyo ne, kuma ƙara mai ba ya gyara yoyo. Birkin da ya yi laushi, ƙafa tana nitsewa har ƙasa, iska ce ta shiga layin ko man yana zuba. Irin wannan mota janta ake yi zuwa gareji.

Fitilar ABS ita kaɗai tana nufin birki na aiki, sai dai tayoyi za su iya kullewa a taka birkin gaggawa, musamman kan jiƙaƙƙiyar kwalta da damina. Idan ta haɗu da jar fitilar, lamarin ya fi haka tsanani.

Akwai inda matsalolin biyu suke shiga juna. Motar da ke karkata gefe ɗaya idan an taka birki, tana iya zama tayar gaba ce ta rage iska, tana kuma iya zama birkin ƙafa ɗaya ne ya maƙale. A fara da geji tunda shi ne mai araha. Idan iska daidai take, a yi 'yar tafiya sannan a kusantar da hannu ga kowane rim ba tare da taɓawa ba. Wanda ya fi sauran zafi sosai, a nan birki yake riƙewa. Sitiyari mai karkarwa lokacin taka birki kaɗai yana nuni ga faifan birki, amma karkarwar da ke zuwa da gudu ko ba a taka komai ba, yawanci daga taya ne.

Wayar hannu ma tana da amfani a nan. Ana sayar da ƙaramar na'urar ELM327 da ake soka wa a ramin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, a karanta lambobin matsala da manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Sai dai masu arhar yawanci bayanan inji kawai suke karantawa. Manhaja na iya nuna babu matsala alhali fitilar ABS na kunne, domin ba ta shiga wannan ɓangaren ba. Kafin a saya, a tabbatar na'urar da manhajar suna karanta ABS na irin motar da ake da ita.