Bulo Ɗaya-Ɗaya: Yadda Hausawan Kudu Ke Ƙara Ɗaki

Duk wanda ya ratsa unguwannin Hausawa a Fatakwal, ko Anaca, ko Garki ta Inugu, zai ga bulo a jere a gindin katanga, wani har ya yi gansakuka. Ba watsar da shi aka yi ba. Ɗaki ne ake tarawa, don iyali sun ƙaru.

A Kano mutum ya iya yin tubali da ƙasar bayan gidansa. A Fatakwal kuwa, inda ruwan sama ke wuce milimita 2,000 a shekara, ginin ƙasa wahala ne, sai siminti da kwano, su kuwa kuɗi suke ci. Saboda haka aikin yakan faro ne daga madafa. Uwargida ba ta zubar da tuwon jiya, da safe ɗumame ne, ƙanzo kuma a shanya. Ruwan indararo a tare shi a duro, da shi za a buga bulo. In ta kwashi adashi, sau da yawa kuɗin ƙofa da taga ke nan, ko da yake ba a cika faɗin haka a zaure ba.

Amma akwai abin da ke sa maigida jinkiri. Hausawa sun daɗe a nan. Malam Umaru Altine, Bafillacen Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Duk da haka dattawa ba su manta da 1966 ba, lokacin da aka bar gidaje aka nufi Arewa. Shi ya sa har yau wani magidancin in ya sayi buhu biyu, kuɗin na uku gida yake aikawa.