Ruwan jini da sirrin da yake tonawa game da hanta

Idan ma'aikacin ɗakin gwaji a wani asibiti da ke Lafiya ya ɗebi jini, ya zuba a 'yar kwalba ya wulwula ta a na'ura, jinin yakan rabu biyu. Jan ya kwanta a ƙasa, wani ruwa fatsi-fatsi ya taso sama. Wannan ruwan, da likitoci ke kira falasma, shi ne kusan kashi 55 cikin 100 na jinin mutum. Galibinsa ruwa ne zalla, amma a kowace lita akwai giram 60 zuwa 80 na furotin iri-iri, kuma ba mai rayuwa sai da su.

Wanda ya fi yawa shi ne albumin, don ya haura rabi. Hanta ce ke ƙera shi, kimanin giram 10 zuwa 15 a kullum, kuma babban aikinsa riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. Da zarar ya yi ƙasa, sai ruwa ya riƙa tsiyayewa zuwa cikin nama. Ƙafafu su kumbura. Ka danna ƙaurin mutum da babban yatsa, ka ɗaga, gurbin ya zauna bai ciko ba. In abin ya yi nisa ciki ya cika da ruwa, ya yi tsele-tsele, alhali kafaɗu sun rame. Irin wannan kumburin ake gani a jikin yaran da tamowa ta ci ƙarfinsu, da masu ciwon ƙodar da albumin ke zurarewa ta fitsari. Albumin ne kuma ɗan dakon jini: yana ɗaukar magunguna da dama, da sinadarin nan mai rina ido ɗorawa idan shawara ta kama mutum.

Sai dangin gulobulin. Wasu na jigilar sinadarin ƙarfe da kitse, wasu kuwa su ne garkuwar jiki, waɗanda fararen ƙwayoyin jini ke samarwa don yaƙar cuta. Uwa na ba ɗanta nata tun yana ciki ta mabiyiya, ta ƙara masa da dakashi. Abin takaici ne har yanzu a wasu gidajenmu ana matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne.

Na uku shi ne fibirinojin, ɗan kaɗan ne, giram 2 zuwa 4 a lita, amma shi ke rikiɗa ya zama zaruruwan da ke toshe bakin rauni. Manoman doya da riɗi sun san abin da ke faruwa idan babu shi, ko da ba su san sunansa ba. Dafin kububuwa cinye shi yake yi, shi ya sa wanda ta sara yake zubar da jini ta dasashi da tsofaffin miyaku. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zuba jini a busasshiyar kwalbar gilas, a bar shi minti 20, a karkata. In ya kwarara, dafi ya shiga. Maganin dafin ma furotin ne na garkuwa da aka tato daga ruwan jinin doki ko tunkiya.

Abin da ya kamata ya dame mu a Nasarawa shi ne albumin da fibirinojin da yawancin sinadaran daskarar da jini duk daga hanta suke, kuma jiharmu na cikin waɗanda ciwon hanta nau'in B da C ya fi addaba a Najeriya. Shi ya sa a watan Fabrairun 2020 gwamnatin Abdullahi Sule ta ƙaddamar da shirin shekara biyar na kawar da nau'in C. Ƙwayar cutar takan shekara ashirin tana cin hanta ba zazzaɓi ba ciwon kai. Ranar da ciki ya kumbura ko aka fara aman jini, sai ka ji 'yan uwa na cewa sammu ne ko jifa, a yi ta ɗirka wa mara lafiya jiƙe-jiƙe, a ƙara wa hantar da ta riga ta gaji wahala. Ƙarin albumin a asibiti yana da tsada ƙwarai, kuma sauƙin ɗan lokaci yake kawowa, ba ya gyara hantar da ta ƙandare.

Nau'in C yana warkewa da ƙwayoyi na mako 12. Nau'in B yana da riga-kafi, kuma allurar farko a cikin awa 24 da haihuwa ake yi wa jariri. Aska ɗaya a kan mutum goma, allurar da aka maimaita, da jinin da ba a tantance ba, duk hanyoyin yaɗuwarsu ne.

Mai karatu, kada ka jira kumburi. Ka je a gwada jininka kana da ƙarfinka, ka tafi da iyalinka.