Ina Maganin Ido Ke Tafiya Bayan An Ɗiga Wa Dabba?

Duk wanda ya saba shiga karar Illela ran Lahadi ya san yadda shanu ke haɗuwa, na gida da waɗanda aka koro daga Ƙwanni da sauran garuruwan Nijar. Inda dabbobi suka taru haka kuwa, ƙuda ba ya rasa aiki. Shi ne ke kwasar ƙwayar cutar ciwon ido daga wannan sa ya kai wa wancan. Ƙura da zafin rana da tsinken ciyawa su ne ke fara ƙuje idon, su buɗe wa cutar ƙofa. Da fari sai a ga hawaye da kwantsa, sa yana gudun haske. In an yi sakaci hakiya ta fito, wani ma ido ya fashe. Sa mai ido ɗaya kuwa, kowane dillali ya san kuɗinsa ya faɗi.

Makiyaya da yawa suna kukan sun ɗiga magani bai yi aiki ba. To, ga dalili. Allah ya yi ido da tsaro. Hawaye kullum wanke shi yake yi, sa'an nan ya zurara ta wata 'yar kafa da ke gefen ido zuwa hanci. Saboda haka ɗigon da aka zuba, kafin 'yan mintoci yawancinsa ya bi hawaye ya tafi. Ga shi kuma idon da ke ciwo ya fi zubar da hawaye. Ɗan abin da ya rage tilas ya ratsa tantanin nan mai kama da gilashi da ke rufe baƙin ido, abin da ke shiga ciki kuwa ƙalilan ne ƙwarai. Shi ya sa ɗigo sau ɗaya a yini ba ya kashe cuta. Na shafawa ya fi daɗewa, domin maiƙonsa yana manne wa ido, amma shi ma sai an maimaita safe da rana da yamma.

Allura tata hanyar dabam ce. Maganin nan Terramycin, wanda aka fito da shi a Amurka cikin 1950, akwai irinsa mai daɗewa a jiki. In malamin dabbobi ya soka shi a tsoka, sai ya riƙa shiga jini kaɗan-kaɗan, jini ya kai shi naman da ke kewaye da ido, watau inda cutar ke maƙalewa. Ƙarfinsa yakan yi wajen kwana 3, sa'an nan a duba ko za a sake. Gwargwadon nauyin dabba ake aunawa. Wanda ya rage awo don tsimin kuɗi bai kashe cutar ba, ya dai koya mata jure wa magani.

Daga nan ƙoda da hanta su ke tace shi, ya fita ta fitsari da kashi, wani kuma ta nono. Wannan fita ba ta yini ɗaya ba ce. Don haka kada a kai nonon saniyar da aka yi wa allura kasuwa, kada kuma a sayar wa mahauci, sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika.

Abin da ya kamaci mai dabba shi ne, ya ware marar lafiya, ya ɗaure ta a inuwa, ya wanke kwantsa da ruwa mai tsabta kafin ya sa magani, ya kuma kwashe kashi don ƙuda ya ragu. Gishiri da garin taba da kananzir ba su da wuri a ido, ƙona shi su ke yi. Sabuwar dabbar da aka sayo a kara a keɓe ta tukuna, kada a haɗa ta da garke ran nan. In ciwo ya ƙi sauƙi, a nemi likitan dabbobi tun hakiya ba ta rufe ido ba. Allah ya kiyashe mu da hasara, amin.