Rabon Iko a Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na yanzu ya fara aiki ne ranar 29 ga Mayu, 1999, ranar da Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki ga farar hula. Sashe na 4 ya ba majalisu ikon yin doka, na 5 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni ikon zartarwa, na 6 kuma ya danƙa shari'a a hannun kotuna. Majalisar Dattawa na da kujeru 109, ta Wakilai 360. Wannan kam, ko ɗan sakandare ma ya haddace shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne Jadawali na Biyu, can wajen ƙarshen kundin, wanda ba a cika leƙa shi ba. Nan, a 1999, aka jera abubuwa 68 da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka, irin su soja, kuɗin ƙasa, kwastan, ma'adinai da 'yan sanda. Sai jeri na biyu, na tarayya da jihohi tare, amma in dokokinsu suka ci karo, ta jiha ce ke faɗuwa. Abin da ba a ambata ba ya zama na jiha. Jerin ba dutse ba ne: a 2023 an ba jihohi dama kan jiragen ƙasa da gidajen yari.

Batun 'yan sanda ya isa misali. Kullum ana cewa gwamna shi ne "babban jami'in tsaro na jiharsa", har wasu gwamnonin kan faɗa da bakinsu. A duba kundin daga bango zuwa bango, babu wannan muƙami! Sashe na 214, yadda aka rubuta shi a 1999, ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak, ya hana kafa wata. Sashe na 215 ya yarda gwamna ya ba kwamishinan 'yan sanda umarni kan zaman lafiyar jama'a, sannan a nan take ya ƙara da cewa kwamishinan na iya neman a kai maganar gaban shugaban ƙasa ko minista kafin ya aiwatar. Wato gwamna zai sayo motocin sintiri, ya zuba musu mai, amma linzamin yana Abuja.

Da can ba haka abin yake ba. A Jamhuriya ta Farko kowace En'e a Arewa tana da 'yan dokarta da gidan yarinta, dattawan jam'iyyar NEPU kuwa ba su manta irin kamun da aka riƙa yi musu lokacin zaɓe ba. Bayan juyin mulkin 1966 ne sojoji suka haɗe 'yan doka cikin rundunar tarayya. Wannan tabo shi ne hujjar da masu adawa da 'yan sandan jiha suka fi kawowa duk sanda zancen gyara sashe na 214 ya taso a majalisa.