Me Ya Sa Rigar Libero Ta Fita Daban?

Na sha jin yaran Garki a Inugu suna ce wa mai riga daban a ƙwallon raga "kyaftin". Alamar kyaftin layi ne ƙarƙashin lambarsa. Wancan kuwa libero ne. Kalmar Italiyanci ce, wato 'yantacce. Hukumar FIVB ta shigo da shi a 1998. Yana canjin kowane ɗan layin baya ba tare da an lissafa ba. Sai dai 'yancin ragagge ne: a dokar FIVB ba ya sabis, ba ya tare ƙwallo a bakin raga, ba ya maka ƙwallon da ta haura raga. Shi ya sa dole launin rigarsa ya saɓa wa na abokansa, alƙalin wasa ya gane shi nan take. Shuɗi mai duhu cikin baƙaƙe, a ganina, bai wadatar ba.