Nazarin jiki a dunƙule da cututtukan amosanin gaɓɓai

Daga farkon shekarun 2000 binciken amosanin gaɓɓai da cutar lufus ya sauya hanya. A da, mai bincike kan ɗauki ƙwayar gado ɗaya ko furotin ɗaya ya bi diddiginsa. Yanzu ana auna dubbai a lokaci guda daga jini ko daga naman da ke shimfiɗe a cikin gaɓa, kwamfuta kuma ta fitar da yadda suke hulɗa da juna.

Babban dalilin sauyin shi ne halin cututtukan kansu. Garkuwar jiki ce ke juyawa ta far wa mai ita, kuma ba abu ɗaya ke tayar da ita ba. Wani babban bincike na 2014 ya lissafa wurare 101 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da amosanin gaɓɓai, yawancinsu tasirinsu kaɗan ne, sai sun haɗu da abubuwa irin su shan taba. Ga kuma arahar karanta ƙwayoyin gado bayan kammala taswirarsu a 2003. Sai dalilin da ya fi damun likita: kusan kashi ɗaya cikin uku na masu karɓar magungunan da ke toshe furotin TNF ba sa samun sauƙin kirki, alhali gaɓa na ci gaba da lalacewa yayin da ake gwada wannan a gwada wancan.

An ga amfani. A 2003 aka gano cewa jinin yawancin masu lufus na ɗauke da alamar yawan aikin furotin intaferon, kuma wannan zaren ne aka bi har Amurka ta amince da maganin anifrolumab a 2021. Shirin haɗin gwiwa da cibiyoyin lafiyar Amurka suka soma a 2014 ya duba naman gaɓɓai ƙwaya-ƙwaya, ya nuna a 2023 cewa kumburin amosanin gaɓɓai da ake kira da suna ɗaya ya kasu gida shida. Gwajin R4RA da aka jagoranta daga Landan ya nuna cewa duba naman gaɓa na iya taimakawa wajen zaɓa tsakanin magungunan rituximab da tocilizumab. Wannan ne mafi muhimmanci, domin shi ya fi kusa da gadon majiyyaci.

Sai dai tafiyar hawainiya ake yi. Kwamfuta na nuna abubuwan da ke tafiya tare, ba ta tabbatar da wanda ya haddasa wani, kuma ɗibar naman gaɓa ba aikin kowane asibiti ba ne. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yawancin bayanan daga Turawa aka tattara su, alhali lufus ta fi tsanani ga masu asalin Afirka. Nau'o'in ƙwayar gadon APOL1 da ke ƙara haɗarin lalacewar ƙoda ga masu lufus sun fi yawa a Afirka ta Yamma, inda likitocin gaɓɓai suka yi ƙaranci ƙwarai, samfurin jinin da ke shiga irin wannan bincike kuma bai taka kara ya karya ba.