Wa ke riƙe da makullin wayarka?

Shirinmu na musamman na yau daga unguwar Yalwawa yake zuwa muku, a nan Dutse.

Ku ɗan tsaya a rumfar masu cajin waya da tura finafinai. Ba za ku daɗe ba sai ga wani da sabuwar Tecno ko Itel a kwali, ya miƙa wa yaron shago ya ce, "Don Allah saita min." Nan take yaro ya buɗe masa Gmail, ya ƙirƙiro lambar sirri daga kansa, wani sa'in ma lambar layinsa zai liƙa. Mai waya ya biya, ya yi godiya, ya kama gabansa. Sai ranar da waya ta rikice aka yi mata filashin, ta tashi ta ƙeƙasa ƙasa: sai an kawo asusun Google na farko. Yaron shago kuwa ya manta, ko ma ya tafi cirani.

Don maganin ɓarayin waya aka yi wannan kulle, kuma yana aiki. Amma me ya sa kamfanin Google da Larry Page da Sergey Brin suka kafa a Amurka a 1998 yake son kowa ya mallaki asusunsa, alhali ko sisi ba ya karɓa? Saboda talla. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigarsa daga nan suke fitowa. Abin da ka bincika, wa'azin da ka kalla a YouTube, wuraren da wayarka ta bi, da su ake auna tallar da za a turo maka. Kyautar ma da iyaka: rumbun ajiyar asusun gigabayit 15 ne, kuma tun 1 ga Yunin 2021 hotuna suka shiga lissafi. Rumbu ya cika, sai biyan wata-wata.

Yadda kamfanin ya mamaye wayoyi har ya kai shi kotu: a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta na wata kotun tarayya a Washinton ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a kasuwar binciken intanet ba bisa ƙa'ida ba. A shari'ar aka ji cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya sama da dala biliyan 26 ga irin su Apple da Samsung, don mai waya ya tarar da shi zaune a ciki tun daga kanti.

Ba a hana shi yabonsa. Tun Disambar 2013 Hausa ta shiga manhajarsa ta fassara, kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse na cin moriyarta, ko da yake in ka ba ta karin magana, sai ka riƙe ciki don dariya.

A Yalwawa dai, fasa wancan kulle ya zama sana'ar masu gyaran waya. Za su buɗe maka ita, ka biya, ta dawo fes. Lambobin 'yan uwa da hotunan sunan jariri kuwa suna can cikin asusun da ba ka san lambar sirrinsa ba.